Kare ko Karya? Lissafin da Ba a Yi Kafin a Ɗauko Kwikwiyo

Duk wanda ya je ɗaukar kwikwiyo a garuruwanmu, ko saye zai yi ko kyauta za a ba shi, abin da yake fara yi shi ne ya ɗaga ɗan abin ya leƙa ƙarƙashin cikinsa. In namiji ne ya rungume, in mace ce ya ajiye ya lalubi wani. Mai karnukan ma ya san haka, shi ya sa tun kafin ka buɗe baki zai tare ka da cewa, "Alhaji, ga namijin nan, shi ne na gadi. Macen nan wahala ce, sai ta tara maka karnukan unguwa." Maganar ta zauna a kunnen mutane har ba a neman hujjarta. Ni kuwa a ganina rabin lissafi aka yi. An ƙirga wahalar karya domin a tsakar gida take faruwa, kowa yana kallo. Ta kare ba a ƙirga ba, domin a bayan katanga yake tafka tasa, maƙwabta da 'ya'yansu suke ɗaukar nauyinta, wata rana kuma ya shigo da ita gida a cikin yawun bakinsa.

Sai dai mu fara sanin wane irin kare ake magana a kai. A Ingila ko Amurka, in iyali suka zauna shawarar namiji ko mace, damuwarsu ita ce wanne zai fi lafewa a jikin mutum a kan kujerar falo. Namu ma'aikaci ne. Wurinsa tsakar gida ko bakin garke ko gona. Hadisan da suka yi magana a kan raguwar ladan mai ajiye kare sun keɓe na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin tsaron gida a kansu. Almajiran Risala sun san labarin da masu sharhinta suke kawowa game da mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Wanda yake kwana a unguwar da ake haura katanga ana kwance batirin sola da injin ruwa ba sai an yi masa sharhin wannan amsa ba. Saboda haka abin da magidanci yake nema guda biyu ne: dabbar da za ta tashe shi in an taɓa ƙofa, kuma wadda ba za ta taɓa masa yara ba.

To, shin namiji ya fi gadi? Ya fi girma, wannan babu musu. A irin karen Jamus da muke kira Alsashan, namiji yana kaiwa kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32. A Rottweiler namiji yana kusan kilo 50, mace kusan 42. Kansa ya fi faɗi, muryarsa ta fi kauri, wanda ya leƙo ta ƙofa zai fi jin shakkarsa. Amma a tambayi kowane tsohon maigadi mene ne aikin kare da dare, zai ce haushi. Ɓarawo ba ya zuwa da sikeli. Abin da yake gudu shi ne hayaniyar da za ta sa a kunna fitila, maƙwabta su farka. Karya mai kilo 25 tana yin wannan aiki daidai da kare mai 40, kuma tana cin abinci ƙasa da nasa, abin da ba ƙarami ba ne a zamanin da kwanon masara ya zama abin lissafi. Sa'annan yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana iya riƙe igiyarta ba ta ja ta ƙasa ba.

Batun hali kuwa, an cika shi da zato. A shekarar 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan karnuka sama da 18,000, yawancinsu na gidajen Amurka. Abin da ya fito shi ne irin kare, wato Alsashan ne ko wani, kashi 9 cikin ɗari kawai yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Jinsi kuwa tasirinsa bai taka kara ya karya ba, in ban da ɗaga ƙafa wajen fitsari. Sai dai a lura, karnukan gidajen Amurka da yawansu an yi musu aikin hana haihuwa, kuma ba sa yawo sakaka. Abin da binciken yake nuna mana a fakaice shi ne, in aka cire sha'anin barbara daga lissafi, kare da karya kusan abu ɗaya ne. A wurinmu kuwa ba a cire shi ba, shi ne ma kan gaba.

(Ga masu ganin mace ba ta da juriyar aiki: Laika, dabbar farko da ta zagaya duniya a cikin kumbon Sputnik 2 a 1957, karya ce da aka tsinto a titin Mosko. Belka da Strelka da suka je suka dawo da rai a 1960 su ma mata ne. Injiniyoyin Tarayyar Sobiyat sun fi son mata ne saboda ba sa buƙatar ɗaga ƙafa, rigar da aka ɗinka musu ta fi zama daidai.)

Akwai wani bincike da ya fi shafar mai iyali. A birnin Denba na Amurka an kwatanta karnukan da suka ciji mutanen da ba 'yan gidansu ba da karnukan unguwa ɗaya da ba su taɓa cizo ba, aka buga sakamakon a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 1994. Masu cizon sun fi zama maza, waɗanda ba a fiɗiye ba, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa. Kimanin rabin waɗanda aka ciza yara ne 'yan shekara goma sha biyu zuwa ƙasa. Namiji, cikakke, a ɗaure: ai wannan shi ne hoton karen da muke alfahari da shi a ƙofar gida. Abin da muke kira zafin gadi, sau da yawa shi ne yake sauka a kan almajirin da ya shigo karɓar sadaka, ko 'yar maƙwabta da aka aiko aron rariya.

Yanzu bari in ba masu gudun karya haƙƙinsu, domin ba a banza suke gudunta ba. Tana fara neman barbara tun tana wata shida zuwa shekara ɗaya, manyan iri kuma sukan jinkirta har shekara ɗaya da rabi. Daga nan abin yana zagayowa kusan sau biyu a shekara, kowane zuwa yana ɗaukar mako biyu zuwa uku. Da farko gabanta yana kumbura, jini yana ɗiga, karnuka suna jin warin daga nesa suna taruwa, ita kuma tana korarsu. Wannan yakan ɗauki kimanin kwana tara. A nan ne masu gida suke faɗawa rami. Da sun ga jinin ya ragu, ya koma ruwa-ruwa, sai su ce ta gama, su sake ta. Alhali a daidai wannan lokaci ne take karɓar namiji, kuma a lokacin ne ciki yake shiga. Karyar da ta yi kwana tara a kulle aka buɗe mata ƙofa a kwana na goma, an kulle ta a lokacin da babu haɗari an sake ta ranar da ake gudu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga ranar da aka ga ɗigon farko a ƙirga mako uku cur, in da hali ma a cika huɗu.

Makonnin nan ba su da daɗi. Karnuka biyar, shida suna kwana a ƙofar gidanka suna faɗa, masu tafiya sallar asuba suna ratsewa, uwargida tana cewa, "Maigida, ni fa ba zan iya da wannan ƙazantar ba." In aka yi sakaci aka haɗu, sukan maƙale da juna na 'yan mintoci, wani lokaci har rabin sa'a, yara su taru suna jifa. A hana yaran, kada kuma a raba su da sanda ko ruwan zafi. Halittarsu ce haka, za su rabu da kansu, jan su da ƙarfi rauni kawai yake jawowa, kuma bai hana ciki. Bayan kimanin kwana 63 sai ga kwiyakwiyai biyar ko shida ko fiye. Karya mai shayarwa kuma, komai sanyin halinta, tana iya kai wa yaron da ya miƙa hannu cikin 'ya'yanta cizo. Duk wanda ya ce maka mace ba ta cizo bai taɓa kusantar mai jego ba.

Akwai kuma ciwon da masu karya da yawa ba su san sunansa ba sai ya kashe musu dabba. Makonni kaɗan bayan lokacin barbara, ko ta haɗu da namiji ko ba ta haɗu ba, mahaifarta tana iya cika da mugunya. Sai a ga ta daina cin abinci, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, cikinta ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari yana fita, wani lokaci kuma babu abin da yake fita, wanda shi ne ya fi muni. A ƙasar Suwidin, inda ba a cika yi wa karnuka aikin hana haihuwa ba kuma kamfanonin inshora suna ajiye bayanai, an ga kusan karya ɗaya cikin huɗu ko biyar tana gamuwa da shi kafin ta cika shekara goma. Maganinsa tiyata ce ta gaggawa. Ga kuma ƙarin nono da yake damun tsofaffin karnuka mata, wanda kusan rabinsa mugu ne.

Duk na yarda da wannan. Amma a duba wani abu: wahalar karya tana da kalanda. Ka san lokacin zuwanta, ka san tsawonta, kana iya tanadin ɗaki ko keji. Namiji ba shi da lokaci. Daga ranar da ya balaga har ya tsufa a shirye yake, kuma lokacinsa shi ne lokacin kowace karya da ke cikin unguwa. Yau ta gidan gabas, jibi ta bayan makaranta, mako mai zuwa ta bakin kasuwa. Zai daina cin abinci, ya kwana yana kuka, ya haƙa ƙarƙashin ƙofa, ya tsinke igiya, ya haura katangar da ka rantse ba zai iya ba. Karnukan nan biyar da suke kwana a ƙofar mai karya, daga ina suka fito? Kowannensu karen gadin wani gida ne, kuma a daren nan gidan ba shi da mai gadi. Mai shi yana barci da tabbacin cewa ya zaɓi namiji don ya huta.

Da a ce yawon ne kawai da sauƙi. Yana dawowa da yagaggen kunne da kaska, wani lokaci a karye, mota ta buge shi. Yana dawowa da wani ƙari mai jini da yake tsirowa a al'aura, wanda likitocin dabbobi suka saba gani a duk inda karnuka suke barbara sakaka. Abin mamaki ne a ilimin likitanci: kansa ce da ƙwayoyinta da kansu suke tsallakawa daga wannan dabba zuwa waccan wajen saduwa, kuma masana sun gano cewa asalinta daga kare guda ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ba ta kama mutum, tana kuma jin magani, allurar vincristine mako-mako na 'yan makonni, amma kuɗi ne da zirga-zirga. Maza da mata duk tana kama su, sai dai mai fita ne yake kwasowa.

Babban abin tsoron shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cizo ne yake yaɗa shi tsakanin karnuka, cizo kuwa babu inda ya fi yawa kamar taron maza a kan mace ɗaya. Karen da aka ciza a daren Talata zai dawo gida lafiya lau, ya yi makonni yana wasa da yara, kafin ƙwayar ta isa ƙwaƙwalwarsa. Ba kuma kullum yake zuwa da haukan da aka sani ba. Wani sai dai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, mai gida ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakinsa. A mutum, da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da sauransu, kusan babu mai tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaron nan Joseph Meister allura ya tsira, amma har yau muna binne yara saboda an shafa wa cizo toka an ce Allah Ya sawwaƙe. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a nufi asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana goma maimakon a kashe shi a jefar.

Rigakafin ba abin nema daga nesa ba ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar haukan kare. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Namiji ne ko mace, wanda ba zai yi wannan ba kada ya ɗauko.

Son maza da muke yi yana da wata illa da ta wuce gida ɗaya. In aka haifi shida, aka kwashe maza uku, ina matan suke zuwa? A kwali ake saka su a ajiye a bola ko bakin kwata. Yawancinsu suna mutuwa, wanda shi kansa abin tambaya ne a gaban Allah ga al'ummar da ta san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa. Waɗanda suka rayu su ne karnukan kasuwa da na mahauta, ba mai su, ba allura, suna haihuwa sau biyu a shekara, kuma mazan gidajenmu ne ubannin. Wasu su ƙare a motocin da suke kai karnuka kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato. Masana sun daɗe da nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar tana tsayawa. An gwada a Njamena a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare a birnin ba, kafin cutar ta sake shigowa da karnukan da aka kawo daga waje. Abin da yake rushe irin wannan aiki shi ne yawan haihuwa. Kowane sabon kwikwiyo da ba a yi wa allura ba yana rage kason. Mutumin da ya ɗauki namiji ya bar shi yana yawo, ya jefar da ƙannensa mata, shi ne yake cika titin da yake kuka da shi.

Duk wannan yana kai mu ga tambayar da ta kamata a yi tun farko, wato za a yi wa dabbar aiki ko ba za a yi ba. A namiji aikin ƙarami ne, a cire maraina, ya warke cikin kwanaki. Wani tsohon bincike na Jami'ar Kalifoniya a 1976 ya nuna yawon neman mace ya ragu a kashi 90 cikin ɗari na karnukan da aka fiɗiye, faɗa da sauran maza da yawan fitsarin alama kuma sun ragu a kusan rabi ko fiye. Haushin baƙo bai dogara da maraina ba, saboda haka tsoron da ake yi cewa fiɗiyayyen kare ya zama rago ba shi da tushe. Ƙiba dai yakan yi in ba a rage masa kwano ba. A mace aikin ya fi girma, sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, ya fi tsada, yana buƙatar likita na gaske da kulawar kwana goma zuwa mako biyu. Amma daga ranar an rufe babin jini da taron karnuka da ciki da mugunyar mahaifa gaba ɗaya. Wasu manyan mata sukan samu ɗigar fitsari daga baya, wadda ake bi da magani.

Kada a yi gaggawa a manyan iri. Binciken da aka buga a 2016 a kan Alsashan ya nuna waɗanda aka yi wa aiki kafin su cika shekara sun fi samun ciwon gaɓoɓi, kusan ninki uku. Ƙananan karnukanmu na gida ba su da wannan nauyin jiki, likita zai iya yi musu da wuri. Abubuwa biyu kuma a guje su. Na farko dandaƙa irin ta gargajiya, da sanda ko ɗaurin roba, ba tare da maganin kashe zafi ba. Na biyu allurar tsarin iyali ta mata da wasu suke saya a kemis su tsira wa karya don ta tsallake lokacinta. Irin wannan sinadari yana daga cikin abubuwan da suke jawo mugunyar mahaifa da ƙarin nono. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ta fuskar shari'a, Risala ta halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kawo hani a kan dawaki. Game da kare da kyanwa malaman zamani sun saɓa, da yawansu suna halattawa in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, amma ya gaya masa duka labarin, har da kwalin da ake ajiyewa a bola.

Batun tsarki ma yana da nasa lissafin, kuma matan gida sun fi kowa saninsa. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta fiye da haka. Fitsarinsa da jininsa kuwa najasa ne. Karya tana tsugunawa ta juye nata wuri ɗaya, kuma da sauƙi a saba mata da lungu guda. Namiji rabawa yake yi kaɗan-kaɗan: jikin katanga, tayar mota, turmi, randa, buta in an bar ta a ƙasa, wani lokaci har zanin da aka shanya ya sauko. Jininta makonni shida ne a shekara, yayyafin fitsarinsa kuwa kullum ne. Gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla a tsakar gida ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Akwai abubuwan da suka fi jinsi nauyi, zan ratsa su da sauri. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, domin a cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Scott da Fuller, da suka shafe shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor suka fitar da littafinsu a 1965, sun nuna cewa tsakanin mako na uku da na goma sha biyu ne kwikwiyo yake sabawa da mutane. Wanda aka kulle a wannan lokaci don wai ya yi zafi, matsoraci yake zama, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo ba gargaɗi. A nemi ganin uwar, domin halinta ya fi duk wata takardar asali faɗin gaskiya. A fara allurar parvo da distemper tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita har ya kai wata huɗu, a ba shi maganin tsutsar ciki. Mai sha'awar jibgegen karen Kokeshiya mai gashi kamar bargo kuma ya tuna yadda Sakkwato da Maiduguri suke a watan Afrilu. Yankinmu yana da nasa karnukan da suka san rana, daga na mafarautanmu har zuwa dogon Azawak na Abzinawa, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali.

In magidanci mai ƙananan yara, mai katanga da ƙofa, ya tambaye ni, zan ce ya ɗauki mace ya kai ta a yi mata aiki. Ita ce ta fi zama gida, ta fi sauƙin ci da riƙewa, kuma ya rage kwali ɗaya a bola. In kuɗin tiyatar mace ya fi ƙarfinsa, ko babu likitan da zai yi a kusa, fiɗiyayyen namiji ne na biyu, kuma tazarar ba ta da yawa. In ba zai yi wa kowanne aiki ba, har yanzu macen zan nuna masa, da sharaɗin yana da ɗakin da zai kulle ta mako uku zuwa huɗu sau biyu a shekara, ɗaki mai rufi da ƙofa, domin maza suna haurowa. Cikakken namiji na barin wanda katangarsa ta kai, babu ƙananan yara a gidan, kuma yana da lokacin fita da shi da igiya. Mafarauci da makiyayi nasu lissafin daban ne, domin karyar da ke da ciki ko shayarwa ta fita daga aiki na watanni, ga shi kuma su ne suke buƙatar iri mai kyau ya ci gaba.

Masu son biyu kuma, namiji da mace sun fi zama lafiya. Maza biyu sukan yi faɗa su shirya, mata biyu in suka ƙulla gaba da wuya su saki, likitocin dabbobi sun san irin raunukan da suke ɗinkewa daga wannan. Sai dai in wa da ƙanwa aka ɗauko daga ciki ɗaya, kada a zaci 'yan'uwantaka za ta hana komai. Tun tana wata shida ko bakwai zai iya yi mata ciki, alhali ita kanta ba ta gama girma ba, saboda haka a tsayar da ranar ganin likita tun suna wata huɗu.